Rigar Bachisio

A ƙasan akwatin kakata, a tsaunukan Sardiniya,
ƙarƙashin barguna masu warin tumaki,
akwai rigar Bachisio Mereu.
Ba a taɓa wanke ta ba.
Huda ɗaya a baya, daidai kafaɗar hagu,
ɗan yatsana ya shiga, ya fita.
Shekara ɗari, bakin bai rufe ba.

Da asuba aka same shi bakin maɓuɓɓuga,
bokitin madara a tsaye, ko ɗigo bai zube ba,
tumaki saba'in da biyu suna kiwo abinsu.
An cire masa takalma, an jera su gefe.
An rufe masa fuska da ƙyalle.

Jandarmomi suka hauro a kan alfadarai.
Mai gasa burodi ta ce barci take.
Maƙeri ya ce guduma ta kurmanta shi tun yana yaro.
Fada ya ce abin da aka raɗa masa a coci na Allah ne.
Mutum ɗari huɗu, ido ɗari takwas,
duk suka makance a safiya guda.
Layi uku aka rubuta, aka sauka kafin ruwa ya kece.

To, wa ke neman shaida?
Kowa ya san da gidan Podda ake 'yar tsama,
tun da dutsen iyaka ya yi tafiyar dare,
taku sha ɗaya, cikin gonar zaitun ɗinmu.
Aka datse wa doki agara,
rumbun ciyawa ya kwana toka,
gaisuwa ta mutu a ƙofar coci.
Gavino, ƙanen mamaci, ya bar gemu,
ya rantse aska ba ta ganinsa sai ya rama.
Da kaka ya yi aski.
Efisio Podda, ɗan sha tara,
yana kwance rubda ciki tsakanin inabi.

Sai lissafi ya ɓarke:
namu, nasu, namu, nasu biyu,
har bakwai.
Mata suka yi ta rina tufa baƙi
har mai rini ya gina bene.

Kakata Pietrina tana da shekara shida.
Ita ke kai masa burodi, ita ta fara gani.
Ta ɗaure harshenta shekara tamanin da ɗaya.
A daren ƙarshe, ina jiƙa mata leɓe da auduga,
ta cafki wuyan hannuna.
"Ƙyallen nan," ta ce, "saƙar gidanmu ce.
Jan zare biyu, baƙi ɗaya.
Ba mai saƙa haka sai mu."
Na ce, wa ya fitar da shi daga gida?
Ta dubi rufi.
Ta nemi ruwa.

Gavino ne, da ya gaje makiyaya,
ya kuma fi kowa kuka a jana'iza?
Ko matar, da aka ce idonta bai jiƙa ba?
Ko iska ce ta kwashe shi daga shanya
ta miƙa wa maƙiyi mai sauran kunya?
Ko kuwa yarinyar ce da kanta,
tsoro ya kama ta, ta kwance burodin,
ta rufe idon ubanta da ke kallonta,
sannan shekaru suka shafe hannunta daga labarin?

An binne ƙyallen da shi. Riga ce ta rage,
ita kuwa riga ba ta da ido a baya.

Ran Asabar na sayi cuku wurin Bonaria Podda.
Ta auna, ta yanko mini gyara.
Gonar zaitun wani Bajamushe ya saye ta,
dutsen iyakar ya zama wurin ajiye tukunyar fure.
Ta ce gobe za ta maƙabarta share wa Efisio ciyawa,
in ina so, ta haɗa da namu,
tunda layi ɗaya suke.
Na ce zan zo da lauje.
Ban faɗa mata zancen zaren ba.